Uwargida, Nemi Haske Kafin Ki Ɗauki Hoto

Sau nawa aka yi suna ko walimar sauka a gidanki, kika cika wayarki da hotuna, amma bayan an watse kika duba kika rasa ko guda biyar na nunawa? Fuskar mai jego ta yi duhu, jariri ya fito dishi-dishi, Hajiya kuwa an yanke mata rabin kai. Nan da nan sai a ɗora wa waya laifi, a ce ƙarama ce. Alhali galibi matsalar tana ga inda kika tsayar da mutum.

Kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne gaba ɗaya, sannan ta nemi matsakaici. Idan kika tsayar da 'yarki a bakin ƙofa ko jikin taga, haske na bayanta, kyamarar za ta rage hasken hoton duka, fuskar yarinya ta nutse. Mu masu duhun fata abin ya fi shafarmu, musamman idan an sa farin hijabi ko farar shadda. Kuma wannan tsohon ciwo ne. Tun a shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ke raba wa masu wankin hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi suke daidaita launi, shi ya sa baƙar fata ta daɗe ba ta fita da kyau. Daga baya kamfanoni irin su Tecno suka gyara kyamarorinsu don fatarmu, Google ma ya yi nasa gyaran a wayar Pixel 6 a 2021. Duk da haka, babu wayar da za ta ƙirƙiro hasken da babu shi.

Saboda haka ki juya mutum ya fuskanci taga, ke kuma tagar tana bayanki ko gefenki. Sannan ki taɓa fuskarsa a kan allon wayar da yatsa, kyamarar za ta daidaita haske da fuskar. A tsakar gida, ki guji tsakar rana, domin tana sa yara runtse ido, ta kuma jefa inuwa a ƙarƙashin idanu. Hantsi da bayan la'asar sun fi, ko kuma inuwar rumfa. Fitilar waya kuwa ba ta wuce taku kaɗan, kuma tana sa goshi ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa. Ni dai ina ganin gara a fito waje.

Akwai ƙananan abubuwa da ake rainawa. Wayar da ta wuni a kicin ko a hannun yara, gilashin kyamararta na ɗauke da maiƙo da ƙura, balle lokacin hunturu. Ki goge shi da gefen mayafi mai laushi. Kada ki jawo hoto da yatsu biyu, a yawancin wayoyi hakan rage ingancinsa yake yi, ki taka ki matsa kusa. Idan yaro ne, ki durƙusa daidai idonsa. Kuma ki leƙa bayan mutum kafin ki danna, kada bokitin wanki da shanya su shigo hoton Sallah.

A wurin biki, 'yar'uwa, mata sukan saki jiki don sun san su kaɗai ne. Kada ki ɗauki wadda ta cire mayafi ba da saninta ba, balle ki tura a zauren WhatsApp, inda ba ki da ikon dawo da shi.

Da yake an ambaci WhatsApp, ki sani yana matse hoton da aka tura, ingancinsa ya ragu. Idan za ki aika wa mai wanki, ki tura shi a matsayin fayil. Waya tana ɓata, tana kuma faɗawa ruwa, don haka ki ware goma mafi kyau a kowace shekara ki wanke su a takarda, ki fara da na kakannin yara. A bayan kowanne ki rubuta suna da shekara.