Kada Mu Zaunar Da Kaka: Motsa Jiki Da Lafiyar Tsofaffi A Jakara

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano, musamman a unguwannin da ke kewaye da kasuwar Kurmi irin su Jakara, ya san cewa a da ƙafa ita ce abin hawan kowa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ya kafa kasuwar a gefen rafin Jakara, mutanen wannan yanki suke ratsa lunguna a ƙasa. Dattijo kan fita masallaci sau biyar, ya tafi rumfarsa, ya je ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa. Tsohuwa kuwa ga daka, ga niƙa, ga jan ruwa a rijiya, ga ziyarar dangi. Babu wanda yake kiran waɗannan abubuwa motsa jiki, alhali kuwa shi ne.

A yau injin niƙa ya karɓe aikin dutse, adaidaita sahu ya rage tafiyar ƙasa, wayar hannu kuma ta ɗauke rabin ziyara. Sannan ga tarbiyyarmu ta girmama na gaba. Da zarar tsoho ya yunƙura zai ɗauko buta sai ka ji an ce, "Baba, zauna ka huta, bari a kawo maka." Niyyar mai kyau ce, amma kimiyya ta nuna cewa hutun da ya wuce kima yana gaggauta irin raunin da muke gudar masa.

Abin da zama ke yi wa jiki

Daga shekara 30 tsokar jikin ɗan'adam takan fara raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan shekara 60. Idan tsokar cinya ta yi rauni, tashi daga tabarma ya zama aiki, tsallake kwata ya zama abin tsoro. Tsoron faɗuwa ya sa tsoho ya daina fita, rashin fitar kuma ya ƙara raunana shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a duniya kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki.

Tun a shekarar 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas masu bene na birnin Landan da kwandastocinsu. Direba yana wuni a zaune, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka. Sai ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Mai karatu zai iya cewa ai wannan zancen masu sauran ƙarfi ne. To, a shekarar 1990 Dakta Maria Fiatarone da abokan aikinta a Boston ta Amurka sun ɗauki tsofaffi goma masu shekara 86 zuwa 96, suka sa su atisayen ƙarfafa ƙafa na mako takwas. Ƙarfin tsokar waɗanda suka kammala ya kusa ninkawa sau uku. Sai dai da aka dakatar da atisayen na mako huɗu, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya zube. Ke nan jikin tsoho yana karɓar gyara, amma gyaran ba ya zama sai an dawwama a kai.

Nawa ake bukata?

Ka'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2020 ta ce wanda ya kai shekara 65 yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Matsakaici shi ne tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ƙaru, amma mutum yana iya hira da abokin tafiyarsa. Minti 30 a rana, kwana biyar, ya cika mafi ƙarancin adadin, kuma ana iya rarraba shi gida uku. Ka'idar ta ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku. Wani nazari na shekarar 2022, wanda ya haɗa bayanan mutum fiye da 47,000, ya nuna cewa ga 'yan sama da shekara 60 haɗarin mutuwa yana ta raguwa har zuwa taku 6,000 zuwa 8,000 a rana.

Yadda sabo ke kafuwa

Farawa ba shi da wuya, ɗorewa ita ce matsalar. Masana halayyar ɗan'adam sun gano cewa ƙwaƙwalwa tana ƙulla sabo ne idan ana maimaita aiki ɗaya a bayan alama ɗaya, har alamar ta riƙa janyo aikin ba tare da an yi shawara da zuci ba. A shekarar 2009 Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da suka zaɓi sabon aiki na kullum. Matsakaicin lokacin da aikin ya ɗauka kafin ya zama jiki shi ne kwana 66, ko da yake wasu kwana 18 ya ishe su, wasu kuwa lissafi ya nuna sai sun kai 254. Sun kuma lura cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe sabon.

A nan tsohon Jakara yana da gata, domin ranarsa a tsare take da alamun da ba sa kuskure, wato kiran salla. Maimakon a ce masa "ka riƙa motsa jiki", wanda magana ce marar lokaci, sai a ce bayan Asuba a dawo gida ta doguwar hanya, bayan La'asar a taka zuwa bakin kasuwa a dawo. Ga tsohuwar da ba ta cika fita ba, tsakar gida ta isa: ta zaga ta na minti goma bayan ta idar da salla, ta tashi daga kujera ta zauna sau goma, ta dafa bango ta ɗaga dugaduganta, ta tsaya da ƙafa ɗaya na 'yan daƙiƙu. A fara da kaɗan, ko minti biyar ne, a riƙa ƙarawa mako-mako.

Aikin jika

Ɗa yana jin nauyin ya matsa wa mahaifinsa, amma al'ada ta ba jika damar wasa da kakansa. Jikar da ta ce, "Angona, tashi ka raka ni, ko ka tsufa ne?" za ta fitar da dattijon da likita ya kasa fitarwa. Tafiya da abokin hira ta fi daɗi, kuma wanda ya san ana jiransa ba ya saurin fasawa. Malaman kimiyya za su iya mayar da wannan aikin aji: kowane ɗalibi ya ƙirga takun da ke tsakanin gidansu da masallaci ko kasuwa, ya zana jadawalin mako goma, ya riƙa sa alama duk ranar da kakansa ya taka. A ƙarshe a kwatanta sau nawa kakan ke iya tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30 a makon farko da na ƙarshe.

Hattara

A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano kan kai digiri 40, saboda haka a guji tsakar rana, a kuma sha ruwa. Lokacin hunturu mai ciwon asma ya kiyayi ƙura. Mai ciwon suga ya sa takalmi rufaffe, ya duba ƙafarsa kullum. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likita kafin ya ƙara nisan tafiya, kada kuma ya ajiye maganinsa. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take a kai shi asibiti.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Idan muna son tsofaffinmu su daɗe suna zuwa masallaci da ƙafarsu, suna sa mana albarka a zaure, to gobe bayan La'asar mu miƙa wa Kaka takalminsa mu fita tare. Allah Ya ƙara musu lafiya da nisan kwana, amin.