Daga Gyallesu Zuwa Mando: Bin Sawun Waɗanda Aka Ɓoye

Lokacin rake ne, hunturu ya kankama. A Gazara da sauran ƙauyukan Makarfi da Kudan, Disamba wata ne na sara da ɗauri da lodi, kuma direbobin da ke fita da rake su ne jaridarmu ta farko. Ranar Lahadi 13 ga Disamba 2015, waɗanda suka ratso ta Zariya sun dawo fuska a murtuke. Suka ce harbi ake yi ta wajen Gyallesu tun daren jiya, hayaƙi na tashi, sojoji sun tare hanyoyi.

Da daddare muka kewaye rediyo a majalisa. Cikinmu akwai dattijon da ke yi wa mamatan unguwarmu wanka, mutum mai ƙarancin magana. Ya bari kowa ya gama faɗin albarkacin bakinsa, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, kai da kake karanta jarida, in an kashe mutane kamar yadda ake faɗa, ina gawarwakin? Wa ya yi musu sutura?" Na ce, "Baba, sai dai mu saurara." Tambayar nan ta ci wata huɗu kafin a amsa ta, wata kuma da ta biyo bayanta ta ci shekara biyar da rabi.

Farkon labarin kowa ya ji shi. Ranar Asabar 12 ga wata, ayarin babban hafsan sojin ƙasa, Laftanar Janar Tukur Yusuf Buratai, ya iske almajiran Sheikh Ibrahim El-Zakzaky sun tare titin Sakkwato a gaban Husainiyya Baƙiyyatullah. Rundunar soja ta ce yunƙurin kashe Buratai aka yi, 'yan Harka, wato almajiran Malamin, suka ce sam. Daga nan aka yi kwana biyu ana ɓarin wuta a Husainiyya, da gidan Malamin a Gyallesu, da Darur Rahma ta ƙauyen Dambo. Hoto ya bazu a wayoyi, ga Malamin jina-jina. 'Ya'yansa uku sun mutu a gidan. Shi da matarsa Zeenah aka tafi da su, ba a ce ga inda aka nufa ba.

A yankinmu ba kowa ne ya tausaya ba, kuma gara a faɗi haka. Mutane da yawa na da ƙorafi kan yadda tattakin 'yan Harka ke cushe titin Kano zuwa Zariya, wanda ya ratsa Tashar Yari. Amma mako biyu kacal kafin nan, ranar 27 ga Nuwamba, ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam cikin masu tattakin a Dakasoye, ya kashe sama da 20, Boko Haram ta ce aikinta ne. Jinin Dakasoye bai gama bushewa ba aka wayi gari ana kiran mutanen nan barazana ga ƙasa.

Sawu na farko ya bayyana a asibitin koyarwa na Shika. Shaidu sun gaya wa ƙungiyar Amnesty International cewa sun ga gawarwaki jibge a wajen ɗakin ajiye gawa, sojoji sun killace wurin, daga baya aka kwashe su a manyan motoci. Human Rights Watch, tun cikin Disamban, ta ce aƙalla mutum 300 aka kashe. Iyaye na ta zarya tsakanin asibiti da ofishin 'yan sanda da gidan yari riƙe da hotunan 'ya'yansu. Wanda aka samu a tsare an gode Allah. Wanda ba a samu ba fa?

A Janairun 2016 Gwamna Nasir El-Rufai ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba. 'Yan Harka suka ƙi zuwa, suka ce lauyoyinsu ba za su yi magana da yawun shugaban da aka hana su gani ba. Mutane da yawa sun ɗauka ke nan zaman ya tashi a tutar babu. Sai ga amsa ta fito daga inda ba a yi tsammani ba. Ranar 11 ga Afrilu, Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna, Balarabe Abbas Lawal, ya shaida wa kwamitin da bakinsa cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya a Mando, bakin garin Kaduna ta hanyar Birnin Gwari. Shugaban hukumar kula da harkokin addinai ta jihar, Muhammad Namadi Musa, wanda ya halarci binnewar, ya ƙara bayani. An kwaso 156 daga asibitin Shika, 191 daga barikin horar da kuratan soja na Zariya, aka binne su cikin dare, da takardar izini daga kotun majistare.

Takardar nan ta daɗe tana damuna. Ashe aikin da aka yi cikin duhu yana da rubutu da sa hannu da hatimi. Wani ya ƙirga gawarwakin ɗaya bayan ɗaya, wani ya rubuta adadin, wani ya ajiye fayil a durowa, alhali uwaye na Zariya suna bin layi suna tambaya.

Kwana 11 bayan haka Amnesty ta fitar da rahotonta, da hotunan tauraron ɗan Adam guda biyu na wani fili a Mando. Na 2 ga Nuwamba 2015 ya nuna fili da ciyayinsa. Na 24 ga Disamba ya nuna an tone ƙasa mai faɗin kusan murabba'in mita 1,000. Rahoton ya kuma kawo shaidar waɗanda suka ce an cinna wuta a ɗakin da aka tara masu rauni a gidan Gyallesu, da mutane a ciki. Na karanta wa dattijon nan labarin a ƙofar gidansa, yana gyaran igiyar guga. Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Mu nan gawa ɗaya kan tsayar da unguwa. Mai haƙa daban, mai ɗinkin likkafani daban, mai saran itace daban. Waɗannan wa ya juya fuskarsu alƙibla?"

Saura masu rai. Sai ranar 1 ga Afrilu 2016 lauyoyi suka fara ganin El-Zakzaky, wata uku da rabi bayan kama shi, a hannun hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, a Abuja. Idonsa ɗaya ya lalace, matarsa na fama da raunin harsashi. An san inda suke ke nan. Abin da ya rage shi ne, da wane laifi? Tsarin mulki, sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya ko biyu. Da lauyan Malamin, Femi Falana, ya shigar da ƙara, hukumar ta ce ai ba tuhumarsa take yi ba, tana tsare da shi ne don kare lafiyarsa. Mai Shari'a Gabriel Kolawole na Babbar Kotun Tarayya bai karɓi wannan ba. Ranar 2 ga Disamba 2016 ya yanke cewa doka ba ta san kariyar da ake yi wa mutum dole ba, ya ba da kwana 45 a sake su, a sama musu gida, a biya kowannensu naira miliyan 25.

Kwana 45 suka cika, shekara ta zagayo, ƙofa na rufe. A Janairun 2018 jita-jita ta cika gari cewa Malamin ya rasu. Ranar 13 ga watan aka fito da shi gaban 'yan jarida na ɗan lokaci, da abin tallafe wuya, ya ce yana raye, aka mayar da shi. A Mayun 2018 ne aka fara gurfanar da shi a Babbar Kotun Jihar Kaduna, bisa tuhume-tuhumen da suka haɗa da hannu a kisan soja ɗaya da ya mutu a rikicin, Kofur Yakubu Dankaduna. Shekara biyu da wata biyar ke nan yana tsare babu caji. Sunan ta'addanci kuwa ya zo daga baya ma, sai a Yulin 2019 wata kotu a Abuja ta amince a haramta Harkar a matsayin ƙungiyar ta'addanci. Duk wanda ya jera ranakun nan zai ga yadda aka yi aikin. An fara kulle mutum, sannan aka tafi neman laifin da zai dace da kullen, sannan aka nemo wa laifin suna. Ranar 28 ga Yuli 2021 Mai Shari'a Gideon Kurada ya ce masu gabatar da ƙara ba su kawo hujjar da za ta sa ma a nemi su kare kansu ba, ya sallami miji da mata.

Shi babban malami ne, da lauyoyi da mabiya masu fita titi saboda shi, ya kwashe shekara biyar da wata bakwai. Ina ga ɗan acaɓa ko mai sayar da shayi da aka ɗauke a samame? A Yunin 2015 Amnesty ta ce sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja a arewa maso gabas tun 2011, da yunwa da ƙishirwa da cunkoso da azaba, barikin Giwa na Maiduguri na kan gaba. Da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a barikin Wawa da ke Kainji a Oktoban 2017, ɗaruruwa aka sallama don babu hujja, bayan sun share shekaru a kulle. Amurka ma, da duk na'urorinta, rahoton majalisar dattawanta na Disamba 2014 ya nuna cewa cikin mutum 119 da hukumar leƙen asiri ta CIA ta ɓoye a kurkukunta na sirri, aƙalla 26 an tsare su ne bisa kuskure. Inda alƙali da lauya da likita ba sa shiga, babu mai tace kuskure, babu kuma mai riƙe hannun mai duka. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar duniya ta hana ɓatar da mutane a 2009, ta yi dokar hana azabtarwa a 2017 mai ɗaurin da ya kai shekara 25. Dokokin suna nan a rubuce.

An fitar da rahoton kwamitin Mai Shari'a Garba a bainar jama'a a Agustan 2016. Ya ce farar hula 348 suka mutu, ya ce soja sun yi amfani da ƙarfi fiye da kima, ya ɗora wa Harkar nata kason laifin, ya ba da shawarar a hukunta jami'an da ke da hannu. Shekaru sun shuɗe ba a gurfanar da soja ko ɗaya ba, ba a kuma tone kabarin Mando an tantance waɗanda ke ciki ba.

Ranar da aka sallami Malamin na sake zuwa wurin dattijon, lokacin damina ta yi nisa, rake ya fara tasawa. Na ba shi labari tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, waɗancan na ramin, an faɗi sunayensu?" Na ce, "Baba, adadi kawai gwamnati ta faɗa." Ya ɗauki butarsa, ya ce in rubuta masa adadin a takarda, zai sa su a addu'a bayan Asuba.