2.3 Zuriyar Harley da Adana Rubuce-rubucen Hannu a Ingila

A wannan sashe za a dubi rawar da zuriyar Harley ta taka wajen adana rubuce-rubucen hannu a Ingila. Zuriyar ta masu sarauta ce daga yankin Herefordshire, kuma ta yi fice ne ta fuska biyu, wato siyasa da tara littattafai.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Robert Harley (1661-1724). Ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 1701 zuwa 1705, sa'annan a 1711 Sarauniya Anne ta ba shi sarautar Oxford, ta kuma naɗa shi Babban Ma'aji. Bayan rasuwarta abokan hamayya suka yi masa ca, har aka tsare shi a Hasumiyar Landan daga 1715 zuwa 1717. Duk da wannan faɗi-tashi, aikin tara littattafai bai tsaya ba. Tun a 1704 ya sayi rubuce-rubuce fiye da 600 waɗanda Simonds D'Ewes ya bari, ya kuma ɗauki wani masani, Humfrey Wanley, don ya kula da su ya tsara bayaninsu.

Ɗansa Edward (1689-1741) ya ɗora daga inda uban ya tsaya, amma ya kashe dukiya fiye da kima, ya rasu da bashi a kansa. A nan ne taskar ta rabu gida biyu. Littattafan ɗab'i dai an sayar wa wani ɗan kasuwa, Thomas Osborne, suka watse hannun masu saye. Su kuwa rubuce-rubucen hannu, fiye da 7,000, matarsa da 'yarsa sun sayar wa gwamnati su a dunƙule a 1753 kan fam 10,000. Da su da na Cotton da na Sloane aka kafa Gidan Tarihi na Birtaniya, kuma tun 1973 suna hannun Ɗakin Karatu na Birtaniya. Daga cikinsu akwai kundi mai lamba 2253, wanda ya ƙunshi tsofaffin waƙoƙin Ingilishi na ƙarni na 14, waɗanda da yawansu a nan kaɗai aka same su.

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa tarawa kawai ba ta isa ta ceci rubutu ba. Abin da ya ceci waɗannan shi ne an tsara bayaninsu, an kuma miƙa su ga hukumar da za ta riƙe su wuri guda bayan masu su sun kau.