Nijar: Makarantun Koyon Aiki Da Suka Haifi Jami'o'i

Shekara da shekaru, ɗalibin Jamhuriyar Nijar da ya ci jarrabawar bakaloriya kusan hanya ɗaya yake da ita, wato ya nufi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda aka kafa harsashinta a 1971. Cunkoso ya yi yawa, kuma da dama daga cikin waɗanda suka kammala sukan koma gida su zauna jiran aikin gwamnati.

A 2008 ne aka buɗe cibiyoyin koyon fasaha guda uku da ake kira IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram, bisa tsarin da Faransa ta fara a 1966. An raba musu fannoni: ta Maraɗi ta ɗauki aikin gine-gine da lantarki da kanikanci, ta Tawa ta ɗauki harkar kuɗi da gudanar da kamfanoni, ita kuwa ta Damagaram ta haɗa da tsara birane da filaye. Karatun na shekara 2 ne, ana haɗa aji da aikin hannu, sannan a tura ɗalibi wata ma'aikata ya san makamar aiki kafin a ba shi difloma mai suna DUT.

A 2010 gwamnati ta kafa jami'o'i a waɗannan garuruwa uku, amma ba a rushe cibiyoyin ba, sai aka bar su a matsayin sashe na jami'o'in. Wannan ne ya bambanta su da kwalejojin kimiyya da fasaha na Nijeriya. Mai DUT yana iya ƙara shekara 1 ya samu digirin sana'a, alhali a Nijeriya an daɗe ana ƙorafin fifita mai digiri a kan mai babbar difloma ta HND wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. A 2021 majalisar dokokin tarayya ta amince da ƙudurin soke wannan bambanci, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba.

Sai dai irin wannan karatu yana da tsada. Koyar da lantarki ko kanikanci na buƙatar injuna da wuta da malaman da suka taɓa aiki a masana'anta, ga shi kamfanonin da za su karɓi ɗalibai ba su da yawa a wajen Yamai. Idan aka bar ɗakunan aikin ba kayan aiki, cibiyoyin za su koma karatun allo zalla, wanda kuwa shi ne abin da aka kafa su don a guje masa.