Gurbin da Aka Bari a Jikin Suwici

Duk wanda ya taɓa raka ɗansa ko ƙanwarsa cibiyar jarrabawar JAMB ya san irin faɗuwar gaban da ke biyo bayan a ce netwok ya tsaya. Tun daga 2015 da hukumar ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗalibai ɗaruruwa ne ke zama a zaure ɗaya, kowa da allonsa, dukkansu suna jiran tambayoyi daga babbar kwamfuta guda da ake kira saba. Abin da ya haɗa su da ita wani akwatin ƙarfe ne mai faɗi, marar tsayi, gabansa jere da kafofi 24 ko 48, ƙananan fitilu kore suna ta ƙyaftawa. Masu sana'ar suna ce masa suwici. Irinsa ne a banki da asibiti da jami'a da gidan rediyo, a kulle cikin wani ɗan ɗaki da ba kowa ke shiga ba.

Aikinsa ba shi da wuyar ganewa. Kowace kwamfuta tana da lambar shaida da masana'anta suka ba ta. Suwici yana lura da kafar da kowace lamba ke magana ta cikinta, ya riƙe, idan saƙo ya zo ya miƙa wa mai shi kaɗai. Da can ba haka ba ne. Lokacin da Robert Metcalfe da abokin aikinsa David Boggs suka fara gina tsarin Ethernet a ɗakin binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka cikin 1973, waya ɗaya duk kwamfutocin ke rabawa. Biyu suka yi magana lokaci guda, maganar ta yi karo, kowa ya ja baya ya sake. Wani ƙaramin kamfani mai suna Kalpana ne ya fito da suwicin Ethernet na farko wajen 1990, Cisco kuma ta saye shi a 1994. Daga nan gudu ya yi ta ninkuwa: megabit 100 a 1995, gigabit ɗaya a 1998, gigabit 10 a 2002, sai 40 da 100 a 2010.

To wace makaranta ce za ta riƙa zubar da na'ura mai tsadar gaske duk lokacin da aka ƙara gudu? Ganin haka ne masu ƙera suwici suka yi dabarar barin gurbi a jikinsa, a rufe da ɗan faifan ƙarfe, domin ran da buƙata ta taso a cire faifan a zura katin ƙari, sauran na'urar ta ci gaba da aikinta.

Lissafin da ke tilasta wannan ƙari kowa zai iya yinsa. A ce kafofi 48, kowace tana ɗaukar gigabit ɗaya, amma hanyar da ta tashi daga suwicin zuwa saba ita ma gigabit ɗaya ce tal. Daidai yake da a tashi jama'ar masallacin Juma'a a ce kowa ya fita ta ƙofa ɗaya. Muddin ba a taru ba, ba wanda zai lura. Ran da kowa ya danna maɓalli lokaci guda, nan ne allo zai tsaya cak, a shiga zagin kamfanin sadarwa, alhali cunkoson yana cikin gida. Maganinsa sau da yawa kati ɗaya ne. A jerin Catalyst 9300 da Cisco ta fitar a 2017, gurbi guda yana karɓar kati mai kafofi huɗu na gigabit ɗaya, ko mai takwas na gigabit 10, ko mai biyu na gigabit 40. Akwai kuma manyan suwici da gaba ɗayansu gurabe ne, kamar Catalyst 6500 da ta fito a 1999, wadda wani samfurinta ke da gurbi har 13. Ta daɗe tana aiki a jami'o'i da bankunan duniya saboda ana sauya mata katunan kafofi da katin ƙwaƙwalwa, gangar jikin tana nan yadda take.

Amma wanda ma'aikaci ya fi riƙewa a hannu shi ne wani ɗan ƙaramin abu da ake kira SFP. Bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ana tura shi cikin kafar kati, shi ne ke mayar da lantarki haske ya cilla shi cikin wayar gilashi, wato faiba, ya kuma karɓo hasken da ya dawo ya mayar da shi lantarki. Wayar jan ƙarfe da muka saba gani iyakarta mita 100. Daga ginin shugaban makaranta zuwa ɗakin karatu da ke can ƙarshen fili, dole sai faiba. A nan ne mutane da yawa ke yin asarar kuɗi, domin SFP kala-kala ne, kuma a ido kusan duk ɗaya suke. Mai harafin SR a gudun gigabit 10 yana tafiya da faiba mai faɗin ciki, yana kai mita 300 a kan wadda ake kira OM3, mita 400 a kan OM4, galibi masu riga shuɗi-shuɗi. Mai harafin LR yana son faiba mai siririn ciki, mai riga rawaya, yana kai kilomita 10. Mai ER yana kai kilomita 40. Kalar hasken kowanne daban, saboda haka abin da aka sa a wannan gefe dole a sa irinsa a wancan. Kuma kada a ce bari a sayi mai nisa don ya fi ƙarfi: idan aka haɗa mai cin dogon zango da 'yar gajeriyar waya ba tare da abin rage haske ba, hasken na iya yi wa idon karɓa na ɗaya gefen yawa har ya lalata shi.

Na taɓa kwana rabin dare a wata makaranta ina kallon wani matashin injiniya yana wannan aiki, cikin hunturu, ana saura kwana kaɗan jarrabawa. Shugabannin makarantar sun sayo katin ba tare da sun tambaye shi ba, suka miƙa masa a leda suka ce gobe suna son ganin aiki. Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki, don bai taɓa katin ba sam. Ya zauna da kwamfutarsa ya kwafe dukkan saitin suwicin ya ajiye a wuri biyu. Ya duba lambar manhajar da ke cikin na'urar, ya gwada ta da jadawalin da kamfanin ya wallafa na abin da ke tafiya da abin da ba ya tafiya. Sai ga shi manhajar ta girmi katin, ba ta san da irinsa ba. Da ya zura shi a haka, da fitila ba ta kama ba, da kuma washegari an ce an sayo jabu ko an ce shi ne bai iya ba. Sai da ya sabunta manhajar, na'urar ta mutu ta taso, sannan ya miƙe.

Ya ɗaura wata munduwa ta roba a wuyan hannu, mai 'yar waya da ya maƙala a jikin ƙarfen na'urar. Wani daga cikin ma'aikatan ya yi dariya. Ni kuwa a ganina wannan munduwa ta fi muhimmanci a wurinmu fiye da ƙasashen da aka ƙera ta. Wa bai taɓa cire rigar sanyi cikin duhu a watan Janairu ya ga tartsatsi yana tashi ba? Wa bai taɓa kama ƙofar mota ya ji ta tsunkule shi ba? Lantarki ne da ke taruwa a jiki idan iska ta bushe, kuma a hunturun arewa damshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Mutum ba ya jin wannan tsunkuli sai ƙarfinsa ya kai wajen bolt 3,000, alhali akwai sassan lantarki da ƙasa da bolt 100 ke illata su. Ke nan kana iya kashe kati ba ka ji komai ba. Mafi muni, wani lokaci ba ya mutuwa nan take, sai ya yi rauni ya riƙa aiki yana yankewa har tsawon watanni, a rasa gane dalili. Shi ya sa ake barin kati cikin jakarsa mai ƙyalli har zuwa lokacin sawa, a kama shi ta gefe, yatsa kada ya taɓa haƙoransa na zinariya.

Zurawar kanta ba ta ɗauki minti biyu ba. Ya kwance faifan da ya rufe gurbin, ya daidaita katin a kan layinsa, ya tura a hankali har ya ji ya zauna, ya ɗaure kusoshin ba tare da matsewa ba. Kati idan ya ƙi shiga, ba ƙarfi yake so ba, ko an juya shi ne ko ba gurbinsa ba ne, kuma haƙori ɗaya ya lanƙwashe a can ciki, gyaran ya fi ƙarfin sukuddireba. Yawancin katunan zamani ana iya sa su na'ura tana kunne, amma ba duka ba, littafin na'urar ne kaɗai zai faɗa. A tsofaffin manyan suwici ma katin da aka bari rabi ciki rabi waje yana iya tsayar da zirga-zirgar saƙonni gaba ɗaya.

Duk da wannan taka-tsantsan, da ya haɗa faiba fitila ba ta kama ba. Bai rikice ba. Ya fara musanya bakunan wayar biyu, tunda ɗaya na aikawa ne ɗaya na karɓa, kuma juya su kuskure ne da ƙwararru ma ke yi. Fitila ta kama, amma da ya tambayi na'urar ƙarfin hasken da ke isowa (yawancin SFP suna iya faɗin zafin jikinsu da ƙarfin hasken da suke aikawa da wanda suke karɓa) sai ya ga ya yi ƙasa sosai. Ƙura ce. Wanda ya ja wayar ya jefar da 'yan murafun roba da ke rufe bakinta, ta yi makonni a buɗe tana shan hazo. Zuciyar siririyar faiba, inda hasken ke bi, faɗinta mikron 9 ne, gashin kai ya ninka ta sau da yawa. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tare hanya. Ya fito da wani abin gogewa mai kama da alƙalami, ya danna a bakin wayar sau biyu, lambar ta haura. Ba a hure bakin faiba da baki, ba a goge shi da gefen riga, kuma ba a leƙa cikinsa don a ga ko akwai haske, domin hasken leza ne da ido ba ya gani amma yana iya yi wa ido illa.

Abu biyu ne kuma ake mantawa. Kowane kati yana shan wuta, kuma idan suwicin yana ciyar da kyamarori da wayoyin tebur ta cikin wayar netwok, abin da ya rage ba lalle ya isa ba. Manyan na'urori sukan ƙi kunna sabon katin ne kawai idan wuta ta gaza. Sai faifan nan da aka cire. A ajiye shi. Gurbin da aka bari a buɗe yana karkatar da iskar fanka daga inda ya kamata ta bi, yana kuma zuƙo ƙura, kuma a watan Afrilu, a ɗakin da na'urar sanyaya ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, wannan kaɗai ya isa ya gajarta ran na'ura.

Saura batun kasuwa, wanda a nan ne ra'ayi ya rabu. Siffar SFP da yadda yake aiki yarjejeniya ce tsakanin masana'antu, ba mallakin kamfani ɗaya ba. Amma a cikin kowanne akwai 'yar ƙwaƙwalwa mai ɗauke da sunan wanda ya yi shi, kuma wasu manyan kamfanoni sun tsara suwicinsu ya karanta sunan, in ba nasu ba ne ya rufe kafar. Nasu kuwa farashinsa kan ninka na waje sau da yawa. Ban ga laifin makarantar da ta sayi na wani kamfani sananne da ya fito fili ya rubuta sunansa ya kuma ba da garanti ba, in dai ta san cewa ran da matsala ta taso mai suwicin na iya cewa a cire baƙon kafin ya saurare ta. Wannan daban, jabu daban. Jabu shi ne wanda aka liƙa wa tambarin da ba nasa ba. Kada a ɗauka mu kaɗai ake yi wa haka: a 2024 wata kotu a Amurka ta ɗaure wani ɗan kasuwa shekara shida da rabi saboda sayar da jabun kayan Cisco, waɗanda suka kai har asibitoci da makarantu da rundunar sojan ƙasar. Idan aka kawo maka kati sabo fil a kwali a kan kuɗin da bai kai rabin na kowa ba, araha ba ta ado, a nemi lambar jikinsa a tantance kafin a biya.

Injiniyan nan bai tafi ba sai da ya liƙa takarda a kowace waya, ya rubuta abin da ya sa da ranar da ya sa a wani littafi, ya mayar da tsohon SFP cikin jaka ya ajiye a kusa, ko da za a buƙaci komawa baya. An kira assalatu yana naɗe kayansa.

Kirana ga shugabannin makarantu da asibitoci da ma'aikatu da ke sa hannu a takardar sayen kaya: tun ran gini ran zane. Ranar da za ku sayi suwici, ku tambaya ko yana da gurbin ƙari, da irin katunan da yake karɓa. Ranar da za ku sayi katin kuma, ku kira ma'aikacin da zai sa shi tun kafin kuɗi su fita, ku saya masa munduwa da abin goge faiba, ku kuma ba shi lokacin da ba kowa a kan netwok, ba daren jajibirin jarrabawa ba.