Ɗigon Shan Inna da Haƙƙin Yaro a Arewa

A 2003 jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna, bayan Dakta Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'a ya ce an gauraya ɗigon da maganin hana haihuwa. Yankin Arewa na Nijar na iyaka da Kabi da Sakkwato, ana cin kasuwa tare, ana auratayya, a lokacin kuma kaset ɗin wa'azi na ƙetarowa. Nan da nan maganar ta iso Dogondutsi, aka samu magidantan da suka hana a ɗiga wa 'ya'yansu, kamar yadda Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a garin, ta rubuta.

Tsoron iyayen yana da dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Ga kuma tambayar da talaka ke yi har yau: don me ake biyo mu gida da ɗigo kyauta, amma in zazzaɓi ya kwantar da yaro sai mun sayi magani? Tun 2006 Nijar ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, sai dai jinkirin biyan kuɗin yakan bar gidajen likita ba magani. Wannan laifin hukuma ne.

Amma wa ya ɗauki asarar? Kafin Kano ta dawo da rigakafin a Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya, cutar ta riga ta bazu, daga baya ta sake shiga ƙasashe wajen 20 da suka rabu da ita. Yaran da suka shanye ba wanda ya nemi shawararsu.

A nan nake ganin hujjar ƙaddara, da ake kawowa don ƙin ɗigo, ba ta tsayawa. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka, ya kuma ɗauki juyawar a matsayin ƙaddarar Allah. Baligi na iya haƙura da ciwon jikinsa. Jaririn goye amana ne, uba waliyyinsa ne, kuma waliyyi maslahar yaro aka ɗora masa. Limaman Dogondutsi da Tibiri su suka fi cancanta su faɗi haka a huɗubar Juma'a, tun kafin masu ɗigo su iso ƙofar gida.