LISSAFIN KUƊI: KALMOMIN DA ƊALIBIN KASUWANCI BA ZAI YI SAKE DA SU BA

Sau da yawa akan ji an ce wane ya karye, alhali kuwa ba gobara aka yi masa ba, ba kuma ɓarayi suka shiga rumfarsa ba. In an bi diddigi sai a tarar cewa ya daɗe yana cin uwar kuɗinsa, shi kuwa yana zaton riba yake ci. Maganin wannan ciwo shi ne ilmin lissafin kuɗi, wanda ake koya wa ɗaliban kasuwanci tun daga makarantun sakandare har zuwa kwalejojin fasaha da jami'o'i. Ɗalibai da yawa suna jin tsoron wannan darasi, amma tushensa bai wuce 'yan kalmomi kaɗan ba.

Hanyar da akantoci ke bi a yau ta daɗe a duniya. A shekarar 1494 wani malamin lissafi ɗan ƙasar Italiya mai suna Luka Paciyoli ya buga littafi a birnin Benis, inda ya bayyana yadda fataken wannan birni suke rubuta cinikinsu. Ba shi ya ƙago hanyar ba, amma ta dalilin littafinsa ta bazu. A nan Nijeriya, marigayi Akintola Williams, wanda ya rasu a 2023, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya zama ƙwararren akanta, a shekarar 1949. A 1965 aka yi dokar da ta kafa cibiyar akantoci ta ICAN, sannan a 1979 aka kafa ƙungiyar ANAN, wadda doka ta amince da ita a 1993.

KADARA, BASHI DA JARI

Abu na farko da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne, a wajen akanta sana'a daban take, mai ita kuma daban. Kuɗin cefanen gida da na makarantar yara ba sa cikin kuɗin da sana'a ta kashe. In mai rumfa ya ɗebi kuɗi don hidimar gidansa, sai a rubuta cewa ya rage jarinsa.

Kadara ita ce duk abin da sana'a ta mallaka mai daraja: tsabar kuɗi, haja, kayan aiki, gini, har da bashin da take bin mutane. Bashi kuwa shi ne abin da ake bin sana'ar. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka cinsa ba abin kunya ba ne, rashin rubuta shi ne haɗari. Jari shi ne rabon mai sana'a, wato abin da zai rage masa in an biya duk masu bin bashi. Daga nan aka sami ƙa'idar da ta ɗauke ilmin gaba ɗaya: kullum kadara daidai take da bashi in an tara shi da jari.

Bari mu buga misali. A ɗauka wani matashi ya shiga sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano da jarin N2,000,000, ya kuma ranto N500,000 a wurin yayansa. Ya sayi masara ta N1,800,000 da sikeli na N200,000, saura N500,000 a hannunsa. Kadararsa ta zama N2,500,000, daidai da bashin N500,000 da jarin N2,000,000. Kuɗin sun canja kama, sun koma masara da sikeli, amma ma'aunin bai karkata ba.

RUBUTU SAU BIYU

Dalilin da ya sa ma'aunin ba ya karkata shi ne, kowace hulɗa fuska biyu gare ta, akan kuma rubuta ta sau biyu. Kowane shafi na babban littafin lissafi yana da gefen hagu, wanda akantoci ke kira debit, da gefen dama, wanda suke kira kiredit. Da matashin ya sayi sikeli, sai a rubuta N200,000 a hagun shafin kayan aiki domin sun ƙaru, a kuma rubuta N200,000 a daman shafin tsabar kuɗi domin sun ragu. A ƙarshen wata sai a tara duk na hagu, a tara duk na dama. In ba su zo daidai ba, lalle akwai kuskure. In sun zo daidai ma kada a saki jiki, gama cinikin da aka manta ba a rubuta shi ko kaɗan ba, wannan gwaji ba zai tona shi ba. Shi ya sa ake adana kowane rasit.

RIBA DABAN, KUƊI A HANNU DABAN

A nan ne 'yan kasuwa da yawa suke faɗa wa rami. A ce cikin shekarar matashin ya sayar da rabin masararsa, wadda ya saya N900,000, a kan N1,200,000. Bambancin N300,000 shi ne ribar farko, tun ba a cire ɗawainiya ba. Hayar rumfa ta ci N60,000, 'yan dako N40,000, kuɗin mota N50,000, jimla N150,000. Akwai kuma wata ɗawainiya da ido ba ya gani, wato raguwar darajar kayan aiki. In sikelin zai yi shekara 5 yana aiki, to kowace shekara N40,000 na darajarsa sun tafi. In an cire waɗannan duka, tsantsar ribarsa N110,000 ce kacal.

To, a ɗauka cikin cinikin nan akwai N400,000 da abokan hulɗa suka ɗauki kaya bashi ba su biya ba tukuna. Tsabar kuɗin da ke hannunsa za su zama N1,150,000. Mutumin da bai san lissafi ba, ganin wannan tuli sai ya fara shirin ƙarin aure ko sayen mota, alhali abin da ya samu a shekarar bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da yake gani ba. Sauran duk jarinsa ne da kuɗin yayansa.

Takardar da ke nuna matsayin sana'a a ranar ƙarshe ta shekara za ta bayyana gaskiyar. Tsabar kuɗi N1,150,000, bashin da yake bi N400,000, sauran masara N900,000, sikeli N160,000: jimlar kadara N2,610,000. A ɗaya gefen kuma bashi N500,000, jari N2,000,000, riba N110,000: jimla N2,610,000. Ma'auni ya tsaya cif.

AMFANINSA GA JAMA'A

Wannan ilmi bai tsaya a ɗakin jarrabawa ba. Banki yakan nemi ganin lissafin sana'a kafin ya ba da rance. Hukumar haraji da lissafi take aiki. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfanoni adana littattafan lissafinsu, tun 2012 kuma manyan kamfanonin ƙasar nan suka fara bin ƙa'idojin lissafi na ƙasa da ƙasa. Mai fitar da zakka ma ba zai san kashi ɗaya cikin arba'in na dukiyar kasuwancinsa ba sai ya ƙiyasta hajarsa. Haka nan rigingimun gado da na abokan haɗin jari, da yawansu rashin rubutu ne ke haddasa su.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai da kada su tsaya ga haddar ma'anar kalmomi. Lokacin hutu kowa ya nemi rumfar mahaifinsa, ko sana'ar ƙosan mahaifiyarsa, ya buɗe mata littafi, ya rubuta shiga da fita na wata guda, ya fitar da riba ko asara. Iyaye kuma su ba 'ya'yan nan dama su duba musu, domin gara mutum ya ga asararsa a takarda tun da sauran gyara, da ya gan ta ranar da masu bin bashi suka yi masa sallama.